ƘUNAR RANA A LEƁE: YADDA ZA KA GANE TA DA HANYOYIN MAGANINTA

GABATARWA

Ɗan'uwa manomi, yawancin takardun da ake raba muku suna magana ne a kan iri, da taki, da feshi, da ajiyar amfanin gona. Wannan kuwa a kan jikinka take magana, domin hannu mai lafiya shi ke riƙe fartanya. Akwai wata cuta da rana kan jawo a leɓen mutumin da ya daɗe yana aiki a fili. Takan fara kamar bushewar leɓe ta yau da kullum, ba zafi ba zugi, saboda haka mutum ba ya kula ta. In aka bar ta shekara da shekaru, a wajen waɗansu takan rikiɗe ta zama ciwon daji, wanda kuma ake kira sankara. In kuwa aka gano ta da wuri, aikinta kaɗan ne, mutum ya warke ya koma gonarsa.

Ka san halin wuta-wuta a gonar dawa. Tana ƙarƙashin ƙasa tana shan jijiyar dawa tun ba ka gan ta ba. In ka tuge ta kafin ta yi fure, ka huta. In ka bari ta zubar da iri, to, ka gamu da aikin shekaru. Haka wannan cuta take. Karanta wannan takarda, ka kuma karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya karatu ba.

1. MECE CE WANNAN CUTA?

A cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske wanda ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin ɗuminsa. Masana suna kiransa altarabayolet. Shi ne yake ratsa fata ya ɓata ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi ta. Ɓarnar ba ta rana ɗaya ba ce, taruwa take yi kaɗan-kaɗan, tun mutum yana yaro yana tsaron gona har girma ya kama shi. Tun a shekarar 1992 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon a Faransa, ta sa hasken rana cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ba da lissafi cewa a shekarar 2019 kaɗai, kusan mutum 19,000 suka mutu a duniya da ciwon dajin fata wanda aiki cikin rana ya jawo musu.

Me ya sa leɓe? Baƙin da ke fatarmu garkuwa ne, yana tare yawancin wannan haske. Amma fatar leɓe siririya ce, kuma baƙinta bai kai na fuska ba, musamman wajen da ya yi ja-ja. Sa'an nan leɓen ƙasa ya ɗan turo gaba yana fuskantar sama, rana tana sauka a kansa kai tsaye, alhali na sama yana samun inuwar hanci. Shi ya sa kusan duk masu wannan cuta a leɓen ƙasa take kama su.

Likitoci suna kiranta aktinik kilaitis. Mu a nan za mu riƙa ce mata ƙunar rana a leɓe. A lura: ita kanta ba ta riga ta zama ciwon daji ba, kuma ba kowace ce take zama ba. Amma ba wanda zai iya duban leɓe ya ce wannan za ta rikiɗe, wannan ba za ta rikiɗe ba. Don haka kowacce aka gano, maganinta ake yi. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Cin abinci kwano ɗaya ko shan ruwa moɗa ɗaya da mai ita ba ya kawo ta.

2. WA TA FI KAMAWA?

Gaskiya ne mai baƙar fata sosai bai cika samunta ba kamar mai farar fata. Amma a cikinmu akwai waɗanda ya kamata su lura ƙwarai:

(a) Zabiya. Shi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin fatarsa da leɓensa ba su da wannan garkuwa. Yakan same ta tun yana saurayi.

(b) Mai hasken fata, da mai jan leɓe, da wanda fari ya fito masa a leɓe, ko tabon ƙunar wuta ya bar wurin fari.

(c) Wanda ya shekara da yawa yana wuni a rana: manomi, makiyayi, masunci, mai lambu, da matan da ke tallar nono ko aikin casa a fili. An fi ganinta ga waɗanda suka haura shekara 40.

(d) Mai aiki a bakin ruwa, kamar mai noman shinkafa a fadama ko mai noman rani. Rana tana dukansa ta sama, ruwa kuma yana mayar masa da wani hasken ta ƙasa.

(e) Mai shan taba, da mai zuba garin taba a leɓe, da mai shan barasa. Waɗannan suna ƙara haɗarin ciwon dajin baki.

(f) Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda wata cuta ko wani magani da yake sha.

3. BAMBANCINTA DA TSAGEWAR LEƁE TA HUNTURU

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Da hunturu kowa leɓensa yakan bushe ya tsage. Ga yadda za ka bambanta:

Tsagewar hunturu tana kama leɓen sama da na ƙasa duka. In ka shafa man kaɗanya ko basilin kwana kaɗan, sai ta warke. In hunturu ya wuce, ita ma ta wuce.

Ƙurajen da kan fito a leɓe bayan zazzaɓi sukan yi ruwa, su fashe, su yi ɓawo, su warke cikin kwana 10 zuwa mako 2.

Tsagewar gefen baki, inda leɓɓa suka haɗu, galibi daga ƙarancin abinci mai gina jiki take, ko wata ƙwayar cuta. Maganinta dabam ne.

Ita kuwa ƙunar rana tana zaune wuri ɗaya a leɓen ƙasa, rani da damina. Ka shafa mai ta yi laushi, gobe ta dawo. Ga alamominta:

1. Leɓe ya bushe kullum, in ka shafa da yatsa ka ji kaushi kamar samfefa.
2. Ɓawo yana tashi, ka ɓare, wani ya sake fitowa a wurin.
3. Wani wuri ya yi fari-fari ko toka-toka, wani wuri ya yi ja.
4. Iyakar da ke tsakanin leɓe da fatar haɓa ta dushe, ba ka iya nuna inda leɓe ya tsaya.
5. Tsaga wadda ba ta haɗewa.

Ka'idar da za ka riƙe ita ce: duk abin da ya fito a leɓe ya wuce mako 3 bai warke ba, a kai shi asibiti.

4. ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka jira girbi, kada ka jira ranar kasuwa ta gaba:

Miki a leɓe mai taurin baki. Ƙullutu ko wuri mai tauri in ka matsa da yatsu biyu. Jini yana fita da ɗan taɓawa. Wurin ya mutu, ba ka jin taɓi. Kaluluwa a ƙarƙashin haɓa ko a wuya wadda ba ta sauka.

Waɗannan suna iya nuna cewa cutar ta riga ta rikiɗe. Ciwon dajin leɓe ya fi na sauran fatar jiki saurin bi ta kaluluwa ya shiga wuya. Amma ko shi ma, in aka kama shi yana ƙarami, yawancin mutane suna warkewa.

5. ABIN DA ZA A YI MAKA A ASIBITI

Fara da asibitin da ya fi kusa da kai. Gaya wa ma'aikacin lafiya tun yaushe abin ya fara, da irin aikin da kake yi, da duk abin da ka taɓa shafawa. Kada ka ɓoye kome. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai ba ka takarda zuwa babban asibiti wajen likitan fata, ko likitan baki da muƙamuƙi. Ana samun irin waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sai su nemi manyan asibitocin ƙasa na Yamai ko Damagaram.

Sau da yawa likita zai so ya ɗan yanki tsoka, wadda ba ta fi ƙwayar dawa ba, daga wurin da ya fi muni. Allurar kashe zafi ake yi tukuna, aikin kuma na 'yan mintoci ne. Sai a kai tsokar ɗakin gwaje-gwaje a duba ta da madubin ƙara girma. Wannan gwaji shi ne yake nuna ko ƙunar rana ce kawai, ko ta wuce nan. Waɗansu suna tsoro, wai in ƙarfe ya taɓa ciwo sai ya bazu. Ba haka ba ne. Jinkiri shi ke sa ciwo ya bazu. Ai kai ma ba ka sayen maganin feshi sai ka san irin ƙwarin da suka shiga gonarka.

6. HANYOYIN MAGANI

Manufar kowace hanya ɗaya ce: a kawar da fatar da rana ta ɓata, sabuwa mai lafiya ta tsiro a madadinta. Hanyoyin sun kasu uku.

KASHI NA FARKO: MAGUNGUNAN SHAFAWA

Waɗannan sun dace da cutar da ba ta yi zurfi ba, ko da ta bazu a faɗin leɓe. Amfaninsu shi ne a gida kake shafawa, ba yanka ba ɗinki. Likita ne kaɗai yake rubuta su.

(a) Fuloroyurasil, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Ana sayar da shi da sunan Efudix ko Efudex. Galibi ana shafawa sau 2 a rana, mako 2 zuwa 4. Ka sani tun yanzu: leɓe zai yi ja, ya kumbura, ya yi ɗanye, ya yi ɓawo, har ka ga kamar abin ƙaruwa ya yi. Wannan alama ce magani yana cin fatar da ta lalace. Bayan an daina shafawa, sai wurin ya warke cikin 'yan makonni. Mutane da yawa a nan suke karaya su daina. In zafin ya fi ƙarfinka, koma wurin likita ya rage maka, kada ka yanke wa kanka hukunci. Mace mai ciki ba ta amfani da shi. A ɓoye shi daga yara, kuma a nesanta shi da kare da kyanwa, domin in suka lasa yana iya kashe su.

(b) Imikwimod, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda ake sayarwa da sunan Aldara. Shi aikinsa ya tayar da garkuwar jiki ta yaƙi fatar da ta lalace. Ba kullum ake shafa shi ba, sai waɗansu ranaku a mako, har wajen mako 4 zuwa 6, yadda likita ya tsara. Shi ma yana sa ja da ɓawo. Waɗansu sukan ji kasala da ciwon jiki kamar mura za ta kama su.

(c) Daikulofenak na shafawa, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Ya fi sauran biyun sauƙi a jiki, amma yana ɗaukar lokaci, kamar wata 2 zuwa 3 ana shafawa safe da yamma, kuma bai kai su ƙarfi ba. A lura: man daikulofenak da ake saya a kemis don ciwon baya da gwiwa ba shi ba ne, haɗinsu dabam. Kada ka shafa wancan a leɓe.

Aibin magungunan shafawa shi ne suna bukatar haƙuri, ba ko'ina ake samunsu ba, kuma cutar takan dawo wa waɗansu bayan an gama.

KASHI NA BIYU: KASHE WURIN BA TARE DA YANKA BA

(d) Daskarewa. Likita yana fesa ko ɗiga ruwan naitirojin a wurin na 'yan daƙiƙoƙi. Wannan ruwa sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Shi ne irin wanda ma'aikatan dabbobi suke ajiye maniyyin bijimi a ciki don yi wa shanu baye da allura. Sanyin yana kashe fatar da ta lalace, wurin ya yi bororo, ya yi ɓawo, ya faɗi cikin mako 1 zuwa 3. Hanya ce mai sauri, a yi maka ka koma gida ran nan. Ta fi dacewa da ƙaramin wuri guda. Takan bar farin tabo, wani lokaci kuma sai an maimaita.

(e) Kankarewa da ƙonawa da lantarki. Bayan allurar kashe zafi, a kankare wurin da ɗan ƙarfe, a ƙona gindinsa da na'urar lantarki. Ita ma ta ƙaramin wuri ce, kuma tana iya barin tabo.

(f) Maganin shafawa tare da haske. A shafa wani magani a bar shi ya shiga fatar da ta lalace, sa'an nan a haska wata fitila ta musamman a kai. Haɗuwar maganin da hasken ita ke kashe wurin. Akwai zafi lokacin haskawa, kuma sai mutum ya kauce wa rana kwana 2 bayan an yi. Ba ta cika barin tabo ba, amma galibi sai an yi fiye da sau ɗaya.

(g) Na'urar leza. Wani siririn haske ne mai ƙarfi wanda yake ƙone fatar saman leɓe daidai zurfin da likita yake so. Wurin yakan warke cikin mako 2 zuwa 4. Tana cikin hanyoyin da suka fi cin nasara. Sai dai ita da ta (f) na'urorinsu suna da tsada, ba kowane asibiti yake da su ba.

Aibin wannan kashi shi ne, tun da an kashe fatar a wurin, ba abin da ya rage da za a kai ɗakin gwaji. Shi ya sa ake yin gwajin tsoka kafin a fara.

KASHI NA UKU: TIYATA

(h) Feƙe leɓe. In cutar ta yi zurfi, ko ta cinye faɗin leɓe, ko ta dawo bayan an gwada waɗansu hanyoyin, likita yakan yanke fatar saman leɓen ƙasa daga gefe zuwa gefe, kamar yadda ake feƙe ɓawon rake. Sa'an nan ya jawo lallausar fatar cikin baki ya rufe wurin ya ɗinke. Sau da yawa da allurar kashe zafi kawai ake yi. Akan cire zare bayan mako 1 ko 2. Amfaninta biyu ne: cutar ba ta cika dawowa ba, kuma duk fatar da aka cire za a duba ta a tabbatar ba ciwon daji a ɓoye. Aibinta: leɓe yakan ɗan yi siriri, wurin yakan mutu na waɗansu watanni, kuma akwai tabo. Amma mutum yana ci, yana sha, yana magana kamar da.

In gwaji ya nuna ciwon daji ne, to, magungunan shafawa da daskarewa ba su isa ba. Sai a yanke wurin da ɗan naman da ke kewaye da shi, a haɗe leɓe. In ya kai wuya, sai an yi babbar tiyata, wataƙila har da gashi da na'ura. Dubi bambancin: a farko man shafawa na mako 4, a ƙarshe kwanciya asibiti da sayar da bijimi.

7. WACE HANYA ZA A ZAƁA?

Likita ne zai zaɓa tare da kai, bisa ga zurfin cutar, da faɗinta, da abin da asibitin yake da shi, da ƙarfin aljihunka. Kafin ka bar gabansa, tambaye shi abu huɗu:

1. Nawa ne kuɗin aikin duka, har da gwaji?
2. Sau nawa zan dawo?
3. Kwana nawa zan yi ban shiga rana ba?
4. Wace alama zan gani in dawo da gaggawa?

Gaya masa lokacin aikinka. In ya tabbatar cutar ba ta yi zurfi ba, yana iya daidaita maka lokaci, alal misali bayan an gama maimai ko bayan an kai amfani gida. In kuwa ya ce yanzu, to, yanzu ne. Nemi 'yan'uwa su yi maka gayya. Gonar bana in ta ɓaci akwai ta baɗi.

8. JIYYA A GIDA

Lokacin da leɓe yake ɗanye, ci abinci mai laushi wanda ya huce: kunu, koko, fura, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Bar yaji da barkono da kayan tsami da shayi mai zafi sai ka warke. Sha ruwa da yawa. Wanke hannu da sabulu kafin ka shafa magani da bayan ka shafa. Kada ka ɓare ɓawo, bari ya faɗi da kansa. Kada ka yi feshin maganin ƙwari a waɗannan kwanaki, ba wa wani ya yi maka. In ka ga mugunya, ko zazzaɓi, ko kumburi yana ƙaruwa, koma asibiti.

Bayan ka warke, ka riƙa komawa a duba ka duk lokacin da likita ya sa maka, ko da ba ka jin kome. Leɓen da rana ta taɓa ɓatawa yana iya sake yi.

9. ABUBUWAN DA BA A YI

Kada a sa ruwan batir, ko baƙin man mota, ko kanwa, ko toka, ko maganin feshi a leɓe.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya.

Kada a shafa man bilicin ko man ƙaiƙayi na kemis. Da yawansu suna kwantar da ja da kumburi, ka ɗauka ka warke, alhali cutar tana nan tana ci a ƙarƙashi.

Kada ka karɓi ragowar maganin wani. Ciwonku yana iya yin kama, ya zama ba iri ɗaya ba ne.

Kada ka busa bakin famfon feshi da bakinka in ya toshe. Wannan ba shi ke kawo ƙunar rana ba, amma guba ce, kuma tana cin leɓe.

10. RIGAKAFI A GONA

Rigakafi ya fi magani, kuma yawancinsa ba ya cin kuɗi.

(a) Tsara lokacin aiki. Rana ta fi ɓarna daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Yi sammako ka ci ƙarfin aikin da sanyin safiya, ka huta da rana tsaka, ka koma bayan la'asar. Ga awo mai sauƙi: in inuwarka ta fi ka gajarta, lokacin shiga inuwa ya yi. Shanun huɗa ma haka suke so.

(b) Sa malfa. Hula ba ta yi wa leɓe inuwa. Nemi malfa mai saƙa a matse, wadda faɗin bakinta ya kai inci 3, watau kamar yatsu huɗu, ko ya fi. In ka ɗaga ta sama ka ga rana tana ratsowa ta saƙar, a ɗinka mata ƙyalle ta ciki. Mata ma su sa a kan ɗankwali.

(c) Rufe baki. Dubi yadda Buzaye suke ja amawali su rufe baki da hanci. Ƙyalle mai kauri ya fi shara-shara tare rana.

(d) Tanadi inuwa a gona. Bar ɗorawa, kaɗanya, tsamiya ko mangwaro a gefen gona. Gawo yana gyara ƙasa ƙwarai, amma ka tuna da damina yake zubar da ganye, ba zai ba ka inuwa lokacin noma ba. In ba itace, kafa 'yar rumfa da kara. Aikin da za a iya yi a zaune, kamar tsinkar gyaɗa da ɓarar masara, a kai shi inuwa.

(e) Shafa man kare leɓe. A manyan kemis ana sayar da man leɓe mai tare hasken rana. Duba jikinsa ka ga an rubuta SPF 30 ko lambar da ta fi haka. Shafa kafin ka fita, ka sake bayan kowace awa 2, da bayan ci ko sha. Farin man zink ma yana tarewa in an shafa da kauri. Man kaɗanya da man shanu da basilin suna hana bushewa, suna da amfani, amma ba su isa su tare rana ba.

(f) Kada gajimare ko hazo ya ruɗe ka. Ɓoyayyen hasken nan yana ratsa su, ko da ba ka jin zafin rana.

(g) Daina lasar leɓe, yawu yana ƙara busar da shi. Bar taba kowace iri.

11. IN AKWAI ZABIYA A GIDANKA

Maigida, wannan nauyi a kanka yake. Yaro zabiya kada a tura shi kiwo ko tsaron tsuntsaye da rana tsaka. A ba shi aikin inuwa, ko na sassafe da na yamma: kula da kaji, turken awaki, gyaran iri, awon hatsi, ajiyar lissafin gona. A sa shi makaranta, ya sami sana'ar da ba ta rana ba. Malfa, da riga mai dogon hannu, da man tare rana su zama kayansa na kullum tun yana ƙarami. A riƙa duba leɓensa, da kunnuwansa, da ƙeyarsa kowane wata, a kuma kai shi likita ya duba fatarsa aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba a ga kome ba. Zabiyanci halitta ce da ake gado daga uwa da uba, ba ya yaɗuwa, kuma in an kare shi daga rana, zabiya yana rayuwa kamar kowa.

A TUNA

1. Ran ɗaya ga kowane wata, ɗauki madubi ka duba leɓenka na ƙasa a wuri mai haske. In ba madubi, uwargida ta duba maka, kai ma ka duba mata.
2. Abin da ya wuce mako 3 a leɓe bai warke ba, asibiti.
3. Miki mai tauri, ƙullutu, jini ko kaluluwa, asibiti ba jira.
4. Gwaji tukuna, sa'an nan magani.
5. In an fara magani, a gama shi, a kuma koma a duba.
6. Malfa, inuwa, sammako da man kare leɓe, kafin magani da bayan magani.

Malamin gona ba likita ba ne, ba zai ba ka magani ba. Amma in ka ga wata alama ba ka san inda za ka nufa ba, yi masa magana, ko ka tuntuɓi ma'aikacin lafiya na yankinku, za su nuna maka hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.